Wanda Kaka Ta Manta Sunansa

A watan Oktoba, kafin ruwan fari,
kakata Eufrasia ta sa aka yaye ciyawar rumbu,
muka kwaso iri a mayafan ulu
muka zube inda rana ke fara taɓawa
in ta hauro tsaunukan Huancavelica.
Dankalin nan da wasu ke jingina wa turawa,
a ƙasar nan aka binne cibiyarsa.

Idon kaka ya yi hazo tun bara,
yatsu ke yi mata gani yanzu.
Ta ɗauki ɗaya, ta juya, ta lalubi idanunsa.
Ta ce, wannan baƙin na can sama ne, dab da makiyayar lama,
ɗaci gare shi kamar gaskiya,
amma sanyin da ke daskarar da raɓa bai iya masa.
Wannan ja, mai gari, na gangare ne.
Wannan mai ƙulle-ƙulle kuwa,
shi ya sa uwarki kuka ranar da aka miƙa mata wuƙa ta fere.

Kawu Teofilo ya dawo daga Huancayo
da buhu mai tambari a kafaɗa.
Fari ne, sumul, kai ɗaya kamar ƙwan gidan gona.
Ya ce masu soyawa su ƙulle a leda shi suke nema,
kuɗi hannu, ba ja-in-ja.
A ba shi gonar duka.

Kaka ta gatsi ɗaya, ta tofar.
Ta ce ruwa ne aka sa wa riga.
Ta ce, shekarar da aka haife ka
ƙanƙara ta sauko dare ɗaya.
Gidan Ccanto iri guda suka shuka,
su ne suka kaɗa tumakinsu kasuwa kafin Ista.
Kunya huɗu ta ba shi, a bakin rafi.
Ya yi gunaguni, ya karɓa.

Lawur ba ya hawa nan, numfashinsa gajere ne.
Yana can kwari wajen Goggo Hermelinda,
inda ƙasa ke riƙe ɗumi har tsakar dare.
Duk da haka sai an tambayi kaka.
Direban motar Alhamis ya kawo saƙo:
mai ruwan ɗorawa, ko mai jan baya?
Ta ce ta yanki yaɗon mai ruwan ɗorawa
daga kan reshe, don a gindi tsutsa ke kwana.
Mai jan bayan ta bar masa layi biyu,
shi ke jiran mutum har watan da tukunya ke shiru.

Shari'ar kabewa ba ta ɗau lokaci ba.
Wadda ta yi wata biyar a kan rufi ba ta ruɓe ba
ita aka fasa.
Muka zuba 'ya'yanta a kwanon ruwa:
masu iyo na kaji, masu nutsewa na ƙasa.
Aka ƙulle su a tsohuwar safa, su ma sai kwari.

Da la'asar saura ɗaya a mayafi,
siriri kamar ɗan yatsa, a karkace,
inda ya kuje kuwa shunayya ce a ciki.
Ta juya shi, ta sansana, ta goga a kunci.
Ta daɗe.
Ta ce, uwata ta san sunan wannan.
Ta kira suna uku, ta girgiza wa kowanne kai.
Kawu ya ce a jefa shi tukunya a huta.

Ta sa shi a tafina, ta naɗe yatsuna a kai.
Ta ce, kai shi gindin katangar dutse,
inda iska ba ta shiga.
In ya yi fure ki zo ki faɗa mini launinsa,
wataƙila sunan ya biyo furen.

Na tona da hannu, na zuba takin tumaki, na rufe.
Yau kwana hamsin da biyu.
Ganye ya fito, mai gashi-gashi, ya kai gwiwata.
Farin kawu a bakin rafi har ya fara taƙama.
Kullum da safe, kafin ta kurɓi ruwan zafi,
kaka na juyo da fuska wajen takuna.
Nakan ce mata, tukuna.