Kafar Iska

A hawa na huɗu, a Kutaisi,
inda kogin Rioni ke gunaguni dare da rana,
Eteri ta buɗe mani ƙofa da mayafi biyu a kafaɗa.
Ta ce, "Ga murhun can a kwali.
Ka ɗora, ka haɗa, ka kama gabanka.
Bangona kuwa kada ka taɓa."

Na ajiye jaka na dubi ɗakin girkin.
Taga an liƙe ta da tsumma da jarida,
ƙasan ƙofa an cusa tsohon bargo,
ko sauro ya zo sai ya koma.
Shekara uku, in ji ta, tun rasuwar Nugzar,
take yaƙi da sanyi ita kaɗai.

Na ce, "Uwa, wuta ma numfashi take yi.
In an hana ta iska ba ta kuka,
sai ta yi rawaya, ta sunkuyar da kai,
ta riƙa sakin abin da hanci ba ya ji,
ido ba ya gani,
sai barci mai daɗi wanda ba a tashi."

Ta ce, "Kai yaro ne."
Shekaruna hamsin da biyu.

Na rufe makunnin gas, na auna, na sake aunawa.
Na cire tsohon tiyon da ya tsage kamar faso,
na sa na ƙarfe, nesa da zafi,
na ɗaure da sufana har hannu ya ce ya isa.
Sannan na kaɗa sabulu a kofin shayinta,
na buɗe gas, na shafa kumfa gaɓa gaɓa.
Ta farko shiru.
Ta biyu shiru.
A ta uku kumfa ta kumbura
kamar maƙogwaron kwaɗo zai yi magana,
ƙwai ɗaya, biyu, sai ga su tuli.

Eteri ta sa tabarau ta sunkuyo.
Ta daɗe tana kallo.
Aikin hannuna ne ya yi yoyo, ban ɓoye ba,
na rufe, na kwance, na sake ɗaurewa.
Abin da bakina ya kasa, kumfa ta faɗa.
Ta ce, "To, huda. Amma ƙarama."

Na huda babba.
Garin bulo ya zubo kan takalmana.
Na kafa mazuƙar hayaƙi a saman murhu,
bututunta ya leƙa waje, sararin Allah,
wata kafa a ƙasa don sabuwar iska ta shigo.
Na miƙa takarda, mazuƙa ta cafke ta riƙe.
Na rataye ƙararrawar da ke shinshina a madadin mutum.
Na kunna.
Wuta ta miƙe shuɗiya, ba gargada.

Sai ta kafar nan wata murya ta hauro,
Lamara ta hawa na biyu tana kiran jikanta,
da ƙanshin burodi daga tanderun bakin titi.
Eteri ta tsaya da ludayi a hannu.
Ta ce, "Ashe har yanzu tana nan?"

Ta ɗora wake, ta hana ni tafiya sai na ci.
Ta ce sanyi na shigowa.
Na ce haka ne.

Jiya na bi ta layin da yamma, na ɗaga kai.
Tururi na fita ta bangon hawa na huɗu,
kuma na ji dariyar mata biyu.