Kofi na Talatin da Takwas

Mota ta ajiye ni a Paucartambo,
sauran hanyar ƙafa ce ta ci ta.
Can sama, inda numfashi ke tsada,
na tarar da Kaka Hermelinda tana tonon dankali.
Ta ɗago wata tsutsa a tafin hannu,
ta bushe ƙamas, fara fat,
kamar an yi mata likkafani da auduga.

"Ba ni na kashe ta ba," in ji ta.
"Ƙasa ce ta gaji da ɓarnarta."

Na ɗebi ƙasar cokali-cokali:
ta bakin rafi, ta gindin dutse,
ta makwancin tumaki,
ta gonar da aka bari ta huta shekara biyar.
Leda arba'in, kowace da lambarta.

A ɗakin bincike a Cusco
na zuba ta a kofuna, na sa tsutsotsi masu rai,
na rufe, ina juya su kowace safiya
kamar mai jinyar da ba ya fatan a warke.

Kwana tara.
Funfuna ta rufe tsutsar kofi na uku, fari sol.
Ta bakwai ta yi kore, koren tsohuwar tagulla.
Ta goma sha biyu ja-ja, kamar dasashin jariri.
Kofi ashirin da ɗaya sun ƙi cewa uffan.

Farin ma ba ɗaya ba ne.
Ido ya rantse 'yan ɗaki guda ne,
madubin ƙara girma ya ƙaryata shi:
ƙwayoyin wannan kewayayyu, kamar ɗigon raɓa,
na wancan dogaye, kamar tsabar sha'ir.
Kama da wane ba wane ba ne.

Sai kofi na talatin da takwas,
ƙasar gonar ƙarshe, wadda ƙanƙara ke kwana a kai.
Dakta Leoncio ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya buɗe littafi har bangon baya.
Babu shi.
Na rubuta lamba a kwalba, na bar gurbin suna.

Da dare na kira Kaka, waya na yankewa.
"Me sunansa?" ta tambaya.
Na ce ba mu sani ba tukuna.
Ta yi dariya har da tari.
"Shekara sittin yana yi mini aiki ba lada,
ban taɓa tambayarsa ba.
In kun gama, Wilber,
ka dawo mini da ƙasata."