Rijiya ta Goma Sha Bakwai

Kwana tara ke nan da Gash ya janye.
Ya bar wa Kasala laka har gwiwa,
ya ja layi a bangon masallaci
daidai inda kafaɗata ke kaiwa.
Dutsen Taka na kallonmu daga sama,
shi ko ƙafa bai jiƙa ba.

Ni ce Mahasin, 'yar Gambo tela,
wadda uwata ke cewa a gidan suna:
"Likita ce, amma ba ta allura,
ƙirga take yi." Sai mata su yi tsit,
kamar an ce iska nake aunawa a mudu.

Ƙirga nake, ban musa ba.
Kwalabe arba'in a akwatin ƙanƙara,
biro ɗaure da zare a wuya,
takarda mai gida-gida:
shekara nawa, gudawa kwana nawa,
ina kuka ɗebo ruwan da kuka sha?

Gidajen da suka rushe, kowa ya gani.
Abin da ke biyo baya ba ya ƙara:
sauro a tsohuwar taya,
kunama a cikin takalmin yaro,
mai ciwon suga da maganinsa ya bi ruwa.
Ambaliya tana da wutsiya.
Tsawonta ne aikina.

Hajja Tasalla ta ba ni tabarma mai danshi.
"Bara ma an rubuta mu," in ji ta.
"Takardar ba ta ƙoshi ba?"
Zazzaɓi? A'a. Amai? A'a.
Barci ne dai ya ƙaura tun daren nan;
tulu ya ɗiga, sai ta miƙe
tana ƙirga jikoki a cikin duhu.
Na duba takarda, babu gidan wannan.
Na ja masa layi a gefe da hannuna.

Farfesa Abdulbaƙi ya kira, waya na yankewa:
"Layin nan ba ya cikin kasafi.
Kuɗin bincike watan gobe za su ƙare."
Na ce to. Ban goge ba.

Da dare na shimfiɗa taswira gaban fitila.
Kowane ɗigo yaro ne mai suna,
na san wanda ya yi mini gwalo,
na san wadda ba ta iya ɗaga kai ba.
Ɗigo ya bi ɗigo, suka yi cincirindo
kamar tururuwa a kan dabino,
kewaye da rijiya ta goma sha bakwai.
Kwalbarta ta yi baƙi kafin asuba.

Muka je da jan fenti, ni da Hamad mai amalanke.
Mai rijiya ya tsaya a bakinta:
"Kakana ya haƙa ta da ya yada zango
a hanyarsa ta Makka. Ke wace ce?"
Shekaranjiya na sha shayi a gidansa.
Na shafa fentin, hannuna na rawa.

Mako ya zagayo, ɗigo ya ragu.
Babu wanda zai zo godiya,
wanda bai kwanta ba bai san ya tsira ba.
Mai rijiya ya daina amsa sallamata.

Layin gefe kuwa ya cika, ya juya baya:
mutum talatin da ɗaya ba sa barci.
Jiya hadari ya haɗo ta gabas,
na tsinci kaina zaune, ina saurare.
Na ɗauko biro. Talatin da biyu.