Mai Ƙofa a Ka

Shafi goma sha tara ne kacal,
siririn abu, ko kaurin waina bai kai ba.
A Kongo na saye shi, gindin dalbejiya,
wurin mai baza tsofaffin littattafai a kan buhu.
An ce daga wani harshe aka juyo shi,
harshen mutanen da rana take yi wa rowa.

Ga labarin duka.
Wani mutum, ba a faɗi sunansa ba,
gidansa ya rushe, ƙofa kaɗai ta tsira.
Ya ɗora ta a ka, ya shiga duniya.
In dare ya yi sai ya kafa ta a fili,
ya ƙwanƙwasa, ya dakata, ya shiga, ya sa sakata,
ya kwanta, taurari na kallonsa.
Ba a ce ya mutu ba, ba a ce ya isa ba.

Barau tela na fara ba, a Tudun Wada.
Ya karanta, ƙafa ɗaya na kan keken ɗinki.
"Wannan ai gwamnati ce!
Ba bango, ba rufi, sai kwaɗo da ɗan makulli."
Ya yi ta dariya har zare ya tsinke.

Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin reluwe,
kwana tara ya riƙe shi a Sabon Gari,
ya maido da tabon shayi a shafi na bakwai.
"Mai fassarar nan ya cuce ni.
Wai ƙanƙara na zuba a kafaɗar bawan Allah.
Ni ƙanƙarar da na sani ta masu zoɓo ce,
ga bazara ta kama mu a wuya,
ina zan samo tausayi? Hassada na yi masa."
Haka ya ce. Amma da na miƙa hannu,
sai da na ɗan ja kafin ya saki.

Ladidi daga Samaru ta bi shi da jan biro,
layi a ƙarƙashin layi, kamar kuyyan gona.
Ta ce tatsuniya ce da aka yanke wa ƙurunƙus,
ta ce ƙofar harshe ce, ko mutunci, ko uwa,
ta ce in ba ta mako guda, za ta tantance.
Yau wata biyu.

Inna Kande ba ta yi boko ba.
Jikanta ne ya karanta mata a tsakar gida,
tana ɓarar gyaɗa, kamar ba ta ji.
Da ya kai ƙarshe ta ce,
"Ƙofar, ta katako ce ko ta langalanga?"
Ya juya takarda. "Ba a faɗa ba, Inna."
"Ta katako ce. Na san nauyinta."
Sai ta kwance bakin zane,
ga wani ɗan makulli, tsatsa ta cinye haƙoransa,
na ɗakin da Kubanni ta tafi da shi
shekarar da aka haifi mai karatun.
Ta mayar, ta ƙulle, ta ci gaba da gyaɗarta.

Wanda ya rubuta bai san Zariya ba,
wataƙila ko a taswira bai taɓa cin karo da mu ba.
Ni ma ban san me yake nufi ba,
kuma na daina tambaya.

Da magariba na hau acaɓa zuwa gida.
A Ƙofar Gayan cunkoso ya tsayar da mu.
Dama da hagu ganuwa ta zaizaye,
awaki na tsallakawa yadda suka ga dama,
mu kuwa, masu hankali, muna layi, muna hon,
sai ta ƙofa za mu shiga.

Da muka zo wucewa na sunkuyar da kai.
Ɗan acaɓa ya waiwayo: "Magana kake, Malam?"
Na ce a'a.
Sallama na yi.