Rancen Gwiwa

A Balparaiso ba a tafiya a miƙe,
ko dai hawa kake, ko gangara.
Daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa ƙofar gidana
matakala ɗari biyu da sha ɗaya.
Shekara goma sha tara ina ƙirga su da gudu,
kafin masu kifi su kasa kaya,
kafin hazon teku ya saki rufin kwano.

Sai wata Talata gwiwar hagu ta yi magana.
Ba ihu ta yi ba. Ƙiƙi-ƙiƙi ta fara,
kamar ƙyauren da ya manta ɗanɗanon mai.
Ni da birkin motocin haya ke ci da ni,
na san irin wannan kukan.
Na san shi sarai, na ƙara wa rediyo murya.

Likita Ondina ta ɗaga hoton ƙashina ga fitila.
"Eleuterio, ga inda guringuntsi yake.
Nan kuma, ga inda ya taɓa zama."
Ta shafa wa fatar wani ruwa mai launin shayi,
ta ɗiga biro gefen ƙoƙon gwiwa.
Allurar doguwa ce. Na kalli sama,
na ƙirga matattun ƙudaje biyu cikin gilashin lantarki.
"Kotizon ne," in ji ta. "Ba ya gyara.
Bakin kumburi kawai yake toshewa.
Ka zauna tukuna. Kuma ka sani,
rance na ba ka, ba kyauta ba."

Kunne ya ji. Ƙafa ba ta wurin.

Safiya ta huɗu na taka ƙasa, shiru.
Na tsuguna, shiru.
Na daka tsalle a kicin
har Fresia ta fito riƙe da tsintsiya,
tana zaton kyanwa ce ta ture tukunya.
Ran nan na wuce Nibaldo a matakala ta casa'in,
shi da na girme wa da shekara goma.
Na juyo na ɗaga masa hula.
Kai, yarinta da daɗi take,
ko da ta cikin sirinji ce.

Mako goma sha ɗaya mai bashi bai leƙo ba.
Da ya zo, da tsakar dare ya zo,
ya zauna bakin gado, ya ɗora hannu a gwiwata,
ya ce uwar kuɗi da kuɗin ruwa.

Allura ta biyu ta riƙe ni mako bakwai.
Ta uku, wata guda da ƙyar.
Inda take shiga fatar ta koɗe,
ta lotsa kamar an danna ɗan yatsa a ƙullu.
Da na koma neman ta huɗu,
Ondina ko aljihun tebur ba ta buɗe ba.
"Karen gidanka ne ke haushi,
sau uku muna ɗaure masa baki.
Ka taɓa leƙawa ka ga abin da yake yi wa haushin?"

Ban amsa ba. Wanda bai ji bari ba,
ai kun san sauran.

Yanzu jirgin tudu nake hawa,
ɗan akwatin katakon nan da igiya ke ja,
ni da tsofaffin mata da jakunkunan albasa.
Ta tagarsa ina hango Nibaldo yana haki,
ina taya shi ƙirga a zuci.
Da yamma na ɗaure roba a ƙafar kujera,
na ja, na saki, sau goma sha biyar,
Fresia na gyara mini lissafi in na yi ha'inci.

Jiya na gwada, a hankali, da hannu a ƙarfe.
Talatin da takwas.
A ta talatin da tara gwiwa ta yi gyaran murya.
Na tsaya. Na kashe rediyon cikin kaina.
Ashe ƙarfin gwiwa daban,
ƙarfin gwiwar daban.

Na zauna kan siminti mai sanyi
ina kallon wani jirgin dakon kaya
da ake ja a hankali zuwa wurin gyara.