Matakalan Gadar Oshodi

Ranar da yaron mota ya ce mini, "Baba, zauna nan,"
sai da na waiga in ga dattijon da ya biyo ni.
Babu kowa. Ni ne.
Na yi ta cin magani har Agege
kamar wanda aka yanke wa aljihu da rana tsaka.

Shekara goma sha ɗaya ina shafa wa gemuna baƙi,
daren Alhamis, ƙofa a rufe,
ina ɓoye furfura kamar mai ɓoye bashi.
Ruwan Ikko kuwa ba ya rufa asiri.
Ya ritsa ni wata Juma'a a bakin titin jirgi,
baƙin ya zubo kan farar rigata,
Sallau mai goro ya yi dariya har ya ƙware.
Sallau ya rasu bara.
Rigar tana nan, ban bari an wanke tabon ba.

Daga Malam Madori na zo, a taragon shanu,
da kan keken ɗinki a cikin buhu.
Na tarar kowa gudu yake, ni ma na zura.
Ina kutsawa tsakanin motoci, ina raina masu hawa gada.
Sallar ma a tsaitsaye,
goshi na taɓa ƙasa kamar kaza na tsintar tsaba,
don mai kaya na jira a ƙofar shago.

Yanzu gwiwa ta ce ba da ita ba.
Matakala arba'in da biyu, na ƙirga,
kowace sai na tsaya.
Da fari tsaki nake ja.
Wata rana tsakin ya ƙare,
sai na ji bakina yana cewa Subhanallahi,
ban ma shirya ba.
Abin da malamai suka shekara suna faɗa
kunnena na wajen ciniki,
gwiwa ce ta zo ta karantar da ni, kyauta.

Daga sama gari na kwance, kwano mai tsatsa har iyakar gani,
rawayen motoci, hayaƙi, mai wa'azi da lasifika,
yarinya da farantin ruwan leda tana ratsa cunkoso.
Duk saurin nan, da nawa a ciki.
Na neme shi ban gane shi ba.

Kafar allura ta ɓace mini tun azumin waccan shekara.
Ramlatu jikata ke zura mini zare,
ta lasa bakinsa, ta kanne ido ɗaya.
Wata uku ina ƙi, ina ɗora wa fitila laifi.
Da na miƙa mata hannu, ban mutu ba.
Hannun da ya iya roƙon yarinya
shi na ɗaga da asuba, na ji ya fi sauƙi.

Ba na cewa babu ciwo. Akwai.
Dare yakan yi tsawo, sunaye sukan gudu.
Amma tela ya san ƙarshen yadi:
nan ake auna sau biyu,
nan almakashi ke tafiya a hankali,
ƙyalle ko ɗaya ba a yarwa.

Gemu ya yi fari fat, na bar shi.
Gobe zan sake hawa.
Matakalan sauka, na wancan gefen,
har yau ban ƙirga su ba.