Zaren da Ke Cikin Ayaba

Ranar Talata, a makarantarmu ta gefen Machala,
Malama Narcisa ta ce kowa ya zo da ayaba ɗaya.
Dariya muka yi.
A garin nan, ai kamar ka ce wa kifi ya zo da ruwa ne.
Ni biyar na kawo, cikin waɗanda aka ƙi,
masu tabo a wuya, masu lanƙwasar da ta wuce ƙa'ida,
waɗanda ba za su hau jirgin ruwa ba har abada.
Mamata ce ke ware su a rumfar kamfani,
hannunta cikin tankin wanki tun asuba.

Muka ɓare, muka jefa a leda, muka ƙulle baki.
"Ku murje ta," in ji Malama, "kamar ta ci bashinku ta ƙi biya."
Wilfrido ya sa gwiwar hannu, ledarsa ta fashe,
ayaba ta yi masa gemu.
Gishiri rabin cokali. Ruwan ɗumi.
Sabulun wanke kwanuka, kore, mai ƙamshin lemun tsami,
wai shi zai narkar da kitsen
da ya yi wa ƙwayoyin halitta katanga.
Kar a kaɗa da ƙarfi. Kumfa abokiyar gaba ce.

Sai tacewa da takardar tace kofi,
ɗigo,
ɗigo,
fankar sama na juyawa kamar an yi mata dole.
Jirgin feshi ya wuce ƙasa-ƙasa kan gonaki,
tagogi suka yi rawa, ba wanda ya ɗaga kai.

Sifirit ya fito daga firjin shugaban makaranta,
sanyi ƙarara, kwalbar tana gumi.
Na karkata bututun gilashi, na tsiyaya ta gefe,
ya kwanta a sama, bai gauraya ba.
Minti ɗaya, babu komai.
A na biyu wani fari ya fara tasowa
a kan iyakar ruwan biyu,
kamar gajimare ya ɓata hanya ya faɗo kwalba.
Na sa tsinke, na murza,
ya naɗo yana yauƙi.

"Majina!" in ji Wilfrido.
"DNA," in ji Malama, ko kallonsa ba ta yi ba.
"Rubutun da ya ce mata zama ayaba, kar ki zama gwanda."

Sannan ta nuna taga da alli.
Duk gonar can, ta ce, har inda ido ya gaji,
zare ɗaya ne.
Wannan ayaba ba ta da iri, ba ta da uba.
Ɗa ke tsirowa a gindin uwa, jika a gindin ɗa,
a sare uwa, ɗa ya maye gurbi, sak ita.

Dayanara ta ɗaga hannu: to mu fa?
Ku rabi-rabi ne, ta ce. Rabi na uwa, rabi na uba,
an tufke su tun kafin a raɗa muku suna.

Na taɓa kunnena.
Kowa cewa yake na babana ne,
wanda ya tafi Genoa ina shekara huɗu,
ya yi ta aiko kuɗi, sai hotuna, sai shiru.
Na so in tambaya ko akwai gishirin da zai ware rabinsa,
in naɗe shi a tsinke, in ji nauyinsa.
Ƙararrawa ta riga ni.

Da yamma na kai wa Mama a 'yar kwalbar magani.
Ta goge hannu a riga, ta ɗaga ta saitin ƙwan lantarki,
yatsunta sun yi fari, duk sun tsattsage.
"Shekara sha tara ina wanke ta," ta ce,
"ban san da zare a cikinta ba.
Yana ɗinki?"
Na ce a'a.
Ta girgiza kwalbar, farin ya watse, ya sake haɗuwa.
Ta ajiye ta kan firji, kusa da takardar kuɗin wuta,
ta ce in yanka albasa, shinkafa ta kusa nuna.